Ƙarin Wuyan Kwantirbas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da sanyin zuciya. Allah Ya tsare hanyarki daga Damagaram zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Alƙahira, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na baƙunta.

Kada ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Shawarar innarki ce. Ta ce ni da ke in muka ɗauko maganar kwantirbas, ƙaton gogen nan namu, ba a gama cin tuwo sai ɗayanmu ya tashi ya bar kwano, takarda kuwa ba mai katse ta. Na so in yi gardama, sai na tuna gardamar ce ta kawo mu inda muke.

Bari in faɗi inda muke ɗin, don kada mu yi ta kewaye. Malamin makarantar kiɗan da ta ba ki gurbi ya kalli bidiyon gwajinki, ya yaba hannunki, sannan ya ce ƙarin wuyan da ke kan kwantirbas ɗinki aikin gida ne, yana zuza, in kin iso a cire shi a sa na masu sana'ar. Kin faɗa mini a tsakar gida cikin ladabi, har da sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce in dai sai an cire, to a bar mini abina. Kika ce, "To, Baba, an bar maka." Tun ranar yake tsaye a lungun ɗaki, kina wuce shi kamar ba ku taɓa haɗuwa ba, ina wuce shi ni ma. Ran Asabar za ki hau mota. Ba na so ki tafi ba tare da shi ba, Uwani, kuma wannan ne dalilin rubutun nan duka. Amma kin san ni, ban iya zuwa kan magana kai tsaye ba, sai na biyo ta bayan gida.

Lokacin da na fara ganinsa ni saurayi ne, minizie, wato kafinta, mai ƙaramin shago a Zango. An kira ni gidan samari in gyara bencina da suka karye, sai na tarar da shi a ɗakin ajiya, kwance cikin tsofaffin tutoci da ganguna, cikinsa a tsage. Ban san sunansa ba. Na dai ga goge ne da ya fi ni tsawo, mai tsirkiya huɗu masu kauri, na tsaya ina kallo har na manta da bencina. Mai shi Mushe Kofi ne, wato Malam Kofi da Faransanci, wani ɗan Togo da ke koyarwa a lise, makarantar sakandare, wanda ya tara 'yan samari suna kiɗa da yamma. Ya tambaye ni ko zan iya ɗinke tsagar. Na ce zan iya, alhali ban taɓa taɓa irinsa ba. Allah Ya rufa mini asiri ta ɗinku, shi kuma ya ce tunda na shiga cikinsa na fito, sai in koyi wajensa. Haka na fara. Mutanen unguwa suka sa masa suna gogen Samudawa, ni kuma suka ce aljanu sun shafe ni, domin ɗan gidan malamai da 'yan kasuwa, jikan Barebari, ba a san shi da rungumar katako yana kuka da shi ba. Kakarki, wadda kika ci sunanta, ita kaɗai ce ba ta ga laifina ba. In na dawo takan tambaye ni ko abokina ya ci abinci.

Wata rana Mushe Kofi ya sa mini kasat na wani babban taron makaɗa na ƙasashen waje. Can ƙarƙashin kiɗan na ji wata murya da ba da kunne na ji ta ba, a ciki na ji ta, irin cidar da ke tasowa daga wajen Mirya kafin ruwan farko, lokacin da duk garin ya fito da tuluna yana kallon gabas. Na ce masa wannan fa? Ya ce kwantirbas ne, amma namu ba ya kaiwa nan. Tsirkiyarmu mafi kauri a muryar da ake kira mi take tsayawa, wannan kuwa ana kiranta do, ƙasa da ita sosai. Ya ɗauki alli ya zana mini a kan benci yadda suke yi: ana ƙara ɗan katako daga ƙarshen wuya ya haura bisa kai, tsirkiyar ta bi ta kansa ta ƙara tsawo, muryar ta ƙara zurfi. A kan katakon akwai 'yan sakatu, in ka rufe ta ƙasa kayan kiɗan ya koma yadda aka san shi, in ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana sauka har do. Ya share zanen da hannun rigarsa ya ce abin sai a Turai. Da bai faɗi wannan kalma ta ƙarshe ba, wataƙila da na haƙura.

Kuskurena na farko da zarto na yi shi. Kin san kan kwantirbas a naɗe yake kamar katantanwa, kuma dole ƙarin ya bi ta gefensa. Na sassaƙa katakona, na ɗora, ya ƙi zama. Maimakon in koma in rage nawa, sai na ga ai kan ne ya tsare hanya, na ɗauki zarto na ɗebe masa kunci. Ban ma yi bisimilla ba. Da yamma Mushe Kofi ya zo shago, ya sa yatsa cikin gurbin, yana shafa shi. Na fi son a ce ya zage ni. Can ya ce, "Ari, wanda ya sassaƙa kan nan ya mutu tun ba a haife ka ba. Ba zai dawo ya gyara ba." Ya hau kekensa ya tafi.

Gurbin yana nan har yau, kin sha sa yatsa a ciki kina ƙarama. Don haka in kin kai shi wurin mai gyara a can, kada ki ajiye ki tafi, ki ce za ki dawo in an gama. Ki samu kujera ki zauna. In kin ga ya ɗauko zarto ko abin huda, ki tambaye shi da ladabi ko babu wata hanya. Sabon katako ake ragewa ya bi jikin tsohon. In kuma ya ce dole tsirkiya ta samu mafita, ki nuna masa gurbin da ubanki ya riga ya yi, ya bi ta nan. Ɓarna ɗaya ta ishi kai ɗaya.

Kuskure na biyu kuwa haɗe yake, katako da danƙo. Mushe ya ce baƙin katako mai tauri suke sawa, ni kuma na san kanya, na sa aka sare mini reshe a Guna aka kawo ɗanye yana zubar da ruwa. Minizie ne ni, na san ɗanyen katako ba a aiki da shi, na sha faɗa wa masu kawo mini aikin ƙofa. Amma ɗoki ya rufe mini ido. Na sassaƙa shi da damina, na manna shi da kol, danƙon kanti, irin wanda in ya kama ya kama ke nan, har ina alfahari cewa ko jikokina ba za su raba su ba. Ya yi murya kuwa, na ji do ɗina, na kusa kuka. Da bazara ta zo, zafin nan namu da ke fasa dutse, sai katakon ya bushe ya murɗe. Tsirkiya ta koma gefe, sakatu suka daina kamawa, in na ja baka sai ka ce ƙudan zuma ne a cikin tulu. Dole na cire. Kol ya ƙi saki, na sa kurfi na ɓamɓara, ya taho da ɓallin jikin wuyan. Wannan baƙin tabon da ke ƙasan kai, wanda na ce miki tsufa ne, ba tsufa ba ne.

Malam Bukar majemi ne ya fitar da ni. Kin san shi, tsohon nan na majema da ke ba ki guntayen jar fata kina yi wa 'yar tsanarki takalmi, Allah Ya jiƙansa. Na je neman fata mai laushi da zan naɗe bakin sakatu, na ba shi labari, ya yi dariya har ya share hawaye. Ya shiga ya fito da wani baƙin dunƙule mai wari, danƙon da suke dafawa daga karce-karcen ƙiraga. Ya ce in narka shi a ruwan zafi in shafa kaɗan. Na ce wannan zai riƙe? Ya ce, "Zai riƙe har ka gaji. Ranar da ka so rabuwa kuwa, ruwan ɗumi ya isa." Na karɓa ina toshe hanci, ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Katakon da na sa a karo na biyu kin san asalinsa. Taɓaryar kakarki ce ta ƙirya, wadda ta yi daka da ita tun zamanmu a Birni, ta tsage a gindi bayan rasuwarta aka jingine ta bayan rumbu. Katako ne da ya gama duk motsin da zai yi a duniya. Na yanke tsakiyarta, na bi ta a hankali da kurfi da takardar gogewa, ina gwadawa ina ragewa, har ta kwanta a jikin kan ba tare da na taɓa shi ba. Bis ɗaya na sa, ƙusar nan mai murɗi, da ɗan danƙon Malam Bukar. In mai gyaran can ya nuna miki katakonsa, ki tambaye shi tun yaushe yake ajiye, ki kuma tambaye shi da me zai manna. In ya ce miki nasa ba ya fita har abada, kada ki ɗauka yabo ne, ki nemi wani.

Saura abin da tsirkiya za ta zagaya a can ƙoli kafin ta sauko wurin ɗauri, ɗan gargare mai kwari a tsakiya. Na duba kasuwa kaf ban samu ba. Sai na tuna da wata yarinya mai ɗinki a layin bayanmu, wadda kekenta ke damuna da ƙara tun safe. Na je na yi sallama na ce aron kwarkwaro nake so, na ƙarfe. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce me minizie zai ɗinka? Na yi mata bayani, ba ta gane ko ɗaya ba, amma ta ba ni, ta ce in dawo mata da shi. Na koma washegari in gaya mata ya yi daidai. Na koma jibi in gaya mata har yanzu yana daidai. Ƙarshenta dai innarki ce, kuma kin ji da kunnenki, duk ranar da muka saɓa sai ta ce ita fa har yau tana jiran kwarkwaronta. A nan ba ni da wata shawara, domin wannan kaɗai ne ban yi kuskure ba.

Tsirkiya ce ta kusa ɗauke mini ido. Wadda aka saba da ita ba ta kaiwa, dole sai doguwa da aka yi don ƙari, a Damagaram kuwa wa zai sayar maka? Na gwada wayar birkin moto, muryarta kamar ana jan kwano a ƙasa. Na koma na ƙulla tsohuwar tsirkiya da guntun wata, na ɓoye ƙullin a bayan kai, na shiga murɗa kunne ina leƙa ƙullin da fuskata dab da shi don in ga ko zai riƙe. Bai riƙe ba. Tabon da ke girata, wanda na ce miki kura ce ta yakushe ni a hanyar Tanut kika yi ta ba 'yan lakwal ɗinku, abokan karatunki, labari, wannan ne. Mushe Kofi ne daga baya ya sa wani ɗan'uwansa ya aiko da ta gaske. Ki riƙa ajiye doguwar tsirkiya ta biyu a jakarki ko yaushe, domin ba kowane kanti ke da ita ba. In za ki ɗaure sabuwa ki murɗa a hankali, ki bar ta ta huta, ki ƙara, kuma ki kawar da fuskarki. Kada ki taɓa sassauta duka huɗun lokaci ɗaya, ko don shiga jirgi, saboda ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikinsa nauyinsu ne ke riƙe da shi. In ya faɗi, sai kin nemi wanda zai tayar miki da shi ta 'yar tsagar gabansa inda murya ke fita, kuma aiki ne mai sa mutum ya yi saɓo.

Amfani da shi ma sai da na sha kunya na koya. An gayyace mu Takeita bikin rufe lakwal, an shimfiɗa tabarmi, manyan gari suna kan kujeru. Mun gama wata waƙa da na buɗe sakatu duka, aka tafa, na tsaya ina washe baki ina kallon jama'a. Waƙa ta gaba ni ke buɗe ta, da tsirkiya a sake, mi. Na manta ban rufe sakata ba, na ja baka da ƙarfina duka, do ta fito. Mawaƙiyarmu, baiwar Allah, ta amince da ni fiye da kunnenta, ta bi ni ƙasa, ta nemi muryar a maƙogwaronta ta rasa, sai iska. Mai jita yana can sama, mu muna cikin rijiya. Yara suka fashe da dariya, manya suka yi ta gyaran murya. Har muka dawo gida a bayan kamiyo, babbar motar kaya, tana juya mini baya, kuma ta yi gaskiya.

Tun daga ranar na saba wa hannuna abu ɗaya: kafin kowace waƙa, babban yatsana ya hau sama ya shafa sakatu, yadda nake shafa ƙofar gida kafin in kwanta, ko da na tabbata na rufe. Na koya miki wannan, na ga kina yi, kada ki bari in kin shiga cikin manya ki ga kamar ƙauyanci ne. Ki sa alama da kiriyon, wato fensir, a takardar kiɗanki inda za ki buɗe da inda za ki rufe. Ki nemi wurin da kike hutu ki yi, kada ki jira sai muryar ta iso ki kai hannu a guje. Ki rufe da taushi, domin ƙarar sakata a wurin da kowa ya yi tsit ta fi kuskuren murya jin kunya.

Akwai kuma cutar sabon abu. Da na samu do, ba waƙar da ban cusa ta ba. Waƙar aure do, waƙar manoma do, har taken 'yan ƙwallo. Innarki ce ta warkar da ni, muna sabon aure. Ta ce tun da na samu muryar nan, ko waƙar reno aka ce in kaɗa sai na tara mata hadari. Na yi fushi na kwana biyu, sannan na saurari kaina na ji gaskiyarta. Muryar tana da daɗi ne in an daɗe ba a ji ta ba. Ki bar sakatarki a rufe yawancin lokaci, ki buɗe inda waƙar ta nema.

Sai maganar ƙofa, wadda ke ba ku dariya ke da innarki. Ƙarin ya sa kayan kiɗan ya fi da tsawo da kamar taƙi ɗaya, jikina kuwa bai sani ba, ya saba da tsohon tsawon. Ranar da muka tare a gidan nan na saɓo shi a kafaɗa na shigo zaure da saurina, ƙolin ya daki katakon saman ƙofa, kwarkwaro ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata. Na tsince shi na wanke, sannan na ɗauko kurfi da guduma na fafe saman ƙofar, na yi masa hanya. Innarki na tsaye da tsintsiya ta ce mutanen duniya sunkuyar da kaya suke yi, mijinta kuwa gida yake sarewa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi wannan gurbi. A can ba za su bar ki ki sare musu ƙofa ba, don haka ki tuna kan yana sama da inda kike zato, ki kula da ƙofofi da matakala da fankar sama, ki shigar da shi a kwance kai na gaba, idonki a kansa.

Mushe Kofi da zai koma ƙasarsu ya bar mini kwantirbas ɗin. Ya ce ya riga ya zama ɗan Damagaram, taɓarya a kai, jar fata a baki, in ya kai shi bakin teku zai yi rashin lafiya. Ke kuma kin zo kin same shi a gida kamar wani babban wa. Kina rarrafe kike zuwa ki manna kunne a cikinsa, in na ja do ki ƙyalƙyale da dariya har ki faɗi zaune. Da kika fara tsayuwa a kan turmi don ki kai wuyansa, na ce wasa ne. Da kika fara kama abin da na yi wata guda ina nema cikin yamma ɗaya, sai na riƙa fita zaure ina saurare don kada ki ga fuskata. Ina kewar wannan lokaci, Uwani, ina kewarsa ƙwarai, tun ma ba ki tafi ba.

Kin ga ke nan abin da ya hau mini kai ranar nan. Da kika ce a cire, ni ban ji maganar katako ba. Na ji an ce a cire taɓaryar uwata, da kwarkwaron matata, da fatar Malam Bukar, da ƙuruciyata duka, a sa wani abu mai sheƙi da ba wanda ya san shi. Amma malamin can bai san kakarki ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shi zuza ya ji, ya faɗi abin da ya ji.

Jiya da kika tafi Hamdara sallama da gwaggonki, na fito da shi tsakar gida don in tabbatar wa kaina ƙarya yake yi. Kin san kunnena ya yi nauyi, injin yankan katako ya cinye rabinsa. Na rufe sakatar re, muryar da ke sama da do, na ɗora haɓata a kan wuyan yadda zan ji ta ƙashi, na ja baka. Yana zuza. Fatar bakin sakatar ta cinye, tsirkiya ta yi wa katakon kwari, muryar ma ta ɗan zauna ƙasa da inda ya kamata. Na juya shi wajen haske ina duba kwarin, sai na ga wani abu. Dab da sakatar, ta gabanta kaɗan, katakon ya yi santsi yana sheƙi, daidai faɗin kan yatsa. Ba yatsana ba ne, ni ban taɓa dannawa a nan ba. Irin wannan sheƙi ba ya samuwa a wata ɗaya ko biyu. Ashe shekara da shekaru kina miƙa hannu can sama kina danne tsirkiyar da kanki, kina gyara muryar da sakatata ta kasa, ba ki taɓa gaya mini ba. Na zauna a kan turmin nan naki na daɗe. Innarki ta leƙo daga madafa ta gan ni, ta koma kan girkinta.

Kin rufa mini asiri ya isa haka. Ba zan bari ki je gaban malamai kina kiɗa da hannu ɗaya, ɗayan yana can yana kare mutuncin ubanki ba.

Yau da hantsi na buɗe sakatu duka na ja do, na bar ta ta yi tsawon da take so, har kwanonin innarki suka amsa daga kan kantar da aka jera su. Sannan na sassauta tsirkiyar, na kwance bis ɗin, na ce a ɗora mini ruwa. Na jiƙa tsumma na naɗe wurin haɗin, ina sakewa in ya huce. Ban sa kurfi ba, ban ja da ƙarfi ba. Ina cikin zaton ma ba zai yi ba, sai na ji ya motsa a hannuna, ya taho. Ko ɓalli bai ɗauko ba. Na goge wurin, katakon ƙasa fes, da launinsa na ranar da na rufe shi. Duk shekarun nan ya riƙe, bazara da damina, hanyar Takeita da ta Magarya, kuma da aka ce ya saki ya saki. Malam Bukar bai yi mini ƙarya ba.

Na zare kwarkwaron na kai wa innarki a tafin hannu, na ce ga aronta, na gode. Ta dube shi, ya cinye gefe ɗaya, ya yi baƙi. Ta ce, "Sai yanzu?" Sannan ta ce in mayar da shi inda na ciro shi, kekenta ya daɗe da saba wa rashinsa, ta juya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Na mayar. Ƙarin yana nan cikakke, rataye a ƙusa a shago, sama da teburin aiki. Ban sa miki shi a kaya ba da gangan, don kada ki buɗe akwati a can ki gan shi ki ji kamar ina tsaye a kanki. In wata rana kin so ganinsa, ki gaya wa innarki, kada ki gaya mini, domin ni zan cika ki da surutu.

Na ɗaura wa kwantirbas tsirkiya irin ta kowa, na daidaita shi. Akwatin katakon da na yi masa tun ranar da takardar makarantarku ta zo, wanda na ce miki na wani mai shago ne, yana shago a shirye, na shimfiɗa masa tsohon bargo. Na yi magana da direban motar Asabar, ya yarda a kwantar da shi a sama, ba za a ɗora masa buhu ba. Ki je ki sa masa wanda malaminki ya ce, ki zauna a wurin har a gama, ki kaɗa shi da hannuwanki biyu. Ranar da aka sa, ki kira salular innarki ki ja mini do sau ɗaya. Ta ce salula ba ta ɗaukar murya mai zurfi haka, kunnena kuma ga yadda yake. Ki ja dai, zan sani.

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya ba ki malamai masu haƙuri da abokan zama masu tsoron Allah. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, ki riƙa kiran innarki ko ba ki da labari. Na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe wa tsohon nan mai taurin kai. Allah Ya dawo mana da ke muna raye, in kuwa Ya ƙaddara wani abu, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Yana jingine a zaure yanzu, na goge shi. Ki ɗauke shi ki kai shago mu sa a akwati. Zai wuce ƙofar ba sai kin nemi gurbin ba.

Mahaifinki,
Ari minizie